Kashi 47 da Awa 40: Me Alƙaluman Horon Yara Masu Galahanga Ke Faɗa?

Alƙaluma biyu ne suka fi yawo a fagen horar da yara masu galahanga: kashi 47 cikin 100, da awa 40 a mako. Duk uwar da ɗanta ya wuce shekara uku bai buɗe baki ba, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, in dai neman taimako ya kai ta intanet, da wuya ba ta ci karo da ɗaya daga cikinsu ba. Su biyun daga takarda ɗaya suka fito, wadda Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya wallafa a 1987.

Lovaas ya ɗauki yara 19 da ba su cika shekara huɗu ba, kowane yaro da malaminsa, ana yi musu horo na kusan awa 40 a mako har shekara biyu ko fiye. Horon shi ne wanda yanzu aka fi sani da ABA: a gutsuttsura abin da ake so yaro ya koya, a nuna masa kaɗan-kaɗan, in ya yi daidai a saka masa nan take da yabo ko ɗan abin da yake so, a yi ta maimaitawa har ya zauna masa. Aka kwatanta su da wasu yara 40, waɗanda 19 daga cikinsu ba su samu fiye da awa 10 a mako ba, sauran 21 kuma ba su shiga shirin ba sam. Tara daga cikin 19 ɗin farko suka gama ajin farko na firamare tare da sauran yara ba tare da wani tallafi na musamman ba, makinsu a gwajin basira na IQ kuma ya kai na tsarar su. Cikin 40 ɗin, yaro ɗaya tak ya kai wannan matsayi.

A ba mutumin haƙƙinsa. A zamanin da ya fara aiki, da yawan irin waɗannan yara gidajen ajiya ake kai su, a kan cewa ba za su taɓa koyon komai ba. Ya nuna suna koyo. Amma kashi 47 ɗin nan da ake faɗa kamar an ƙirga dubban yara, yara tara ne. A rukuni mai mutum 19, kowane yaro ɗaya yana ɗauke da sama da kashi 5. Da biyu daga cikin taran sun gaza, da kashi 37 ake magana. Babbar matsalar ma ba ƙanƙantar adadin ba ce. Ba da ƙuri'a aka raba yaran ba. In akwai ma'aikata a hannu lokacin da aka kawo yaro, sai ya shiga rukunin awa 40, in babu ya faɗa ɗayan. Duk inda aka raba yara ba da ƙuri'a ba, ba mai iya rantsewa cewa tun farko rukunonin daidai suke. Kuma a cikin horon na wancan lokaci har da tsawa da mari a cinya, abin da masu ambaton kashi 47 ba kasafai suke faɗa ba.

Sai a 2000 aka samu gwajin da ya bi ƙa'idar ƙuri'a, kuma ɗalibin Lovaas ne, Tristram Smith, ya jagorance shi. Yara 28: 15 a horo mai yawa, kusan awa 25 a mako, 13 kuma aka horar da iyayensu. Rukunin farko ya ƙaru da maki kusan 16 a IQ, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai biyu kaɗai cikin 15 suka kai matsayin nan da Lovaas ya bayyana, wato kashi 13. A abubuwan rayuwar yau da kullum kuwa, irin su sa tufafi, cin abinci da mu'amala da mutane, ba a ga bambanci tsakanin rukunonin ba.

A 2018 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen lafiya ta tace su, ta nemi duk binciken da ya kwatanta wannan horo mai yawa da wani rukuni bisa ƙa'idojinta. Bayan shekara 31 da takardar Lovaas, bincike biyar ta samu, yara 219, kuma ɗaya ne kawai na ƙuri'a, shi ne na Smith. Da aka haɗa su, yaran horon sun fi da maki 15 a IQ, da kusan maki 10 a ma'aunin Vineland na ayyukan yau da kullum. Duka ma'aunan biyu 100 ne matsakaicinsu, don haka ratar ba ta wasa ba ce. Amma a kula da abin da ke biye da 15 ɗin: masu lissafin sun ce gaskiyar ratar tana iya zama ko'ina daga 9 zuwa kusan 22. Sannan suka yanke cewa hujjar mai rauni ce, domin huɗu daga cikin biyar ɗin suna da irin lahanin binciken 1987. A tsananin alamomin galahangar kanta, ba su ga shaidar sauyi ba.

Me ya sa masu bincike suka matsa a kan rukunin kwatance haka? Wani gwaji da ba na horo ba ne ya fi fito da dalilin fili. A 2008 Peter Tyrer da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet sakamakon gwaji a kan manya 86 masu tawayar ƙwaƙwalwa waɗanda ke yawan faɗa da duka, a Birtaniya da Ostireliya. Wasu aka ba su risperidone, wasu haloperidol, wasu kuma ƙwayar da ba magani a cikinta. Bayan mako huɗu faɗan ya ragu da kashi 58 a rukunin farko, 65 a na biyu, da 79 a rukunin ƙwayar wofi. Da ba a sa rukuni na uku ba, da an yi shelar cewa magani ya rage faɗa da fiye da rabi. Yawanci ba a kawo mutum wurin masana sai abin ya yi ƙamari, kuma abin da ya kai ƙololuwa yakan sauko da kansa. Ga kuma kulawar da mutum ke samu don kawai an sa masa ido. Ga yaro akwai ƙari, domin girma yake yi, ko an horar da shi ko ba a horar ba, ɗan shekara huɗu zai fi ɗan shekara biyu. Don haka in wata cibiya ta ce yara kaza cikin ɗari sun samu ci gaba a hannunta, adadin bai gaya mana komai ba sai mun ji na waɗanda ba su je ba.

Da aka tace, me ya rage?

Aikin da ya fi girgiza wannan fage shi ne na Micheal Sandbank da ƙungiyarta, wanda ya fito a 2020. Sun tattara bincike 130 a kan yara 6,240 'yan shekara takwas zuwa ƙasa, suka yi lissafin sau da dama, kowane karo suna ƙara tsaurara sharaɗi. Da aka zuba komai da komai, horon ɗabi'a na gargajiya, irin na ABA, ya nuna amfani, haka hanyoyin da ke bin matakan girman yaro, haka waɗanda suka gauraya biyun ta hanyar wasa. Da aka ce sai na ƙuri'a kawai, na gargajiyar ba su ma kai yawan da za a yi lissafi mai ƙwari da su ba. Da aka cire duk sakamakon da wanda ya auna shi ya san rukunin da yaro yake, ba wata hanya ko ɗaya da ta rage da tabbataccen tasiri.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Yawancin abin da ake aunawa, uwa ko malami ake tambaya. Uwar da ta kwashe shekara tana kai yaro tana ɗaukowa, ta sayar da abin da ta sayar, in aka miƙa mata takarda aka ce ya samu sauƙi ko bai samu ba, ba ƙarya za ta yi ba, amma so hana ganin laifi, kuma fata tana da nata idon. Shi ya sa ake son mai aunawa ya zama baƙo, ya kalli yaron ko bidiyonsa ba tare da sanin ko an horar da shi ba. Rashin tabbaci a wannan mataki bai nuna cewa horo ba ya aiki ba. Abin da ya nuna shi ne tsaftataccen binciken bai taru ba tukuna. Da ƙungiyar ta sabunta aikin a 2023 a mujallar BMJ, adadin ya kai bincike 252 da yara 13,304, na ƙuri'a sun ƙaru sosai, kuma hanyoyin da ke koyarwa cikin wasa da hulɗar yau da kullum su ne suka fi tsayawa da ƙafarsu, musamman a fannin sadarwa.

Ko su ma ba a rasa tangarɗa ba. Shirin ESDM, wanda ya fi suna a cikinsu, a gwajin 2010 da yara 48 ya ba da ƙarin maki 17.6 a basira, rukunin kwatance kuma 7. Da aka maimaita shi a cibiyoyi uku da yara 118, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna ɗan fifiko a harshe, amma babu bambanci a basira. Haka abin yake tafiya a wannan fage: gwajin farko, ƙarami, a hannun waɗanda suka ƙirƙiro shirin, shi ke ba da adadi mafi girma.

Batun awa 40 kuwa, a ganina shi ne ya fi cutar da iyaye. Awa 40 a mako na shekara biyu ya haura awa 4,000, kowace awa da ma'aikaci ɗaya a kan yaro ɗaya. Ko a Amurka sai da inshora ake iyawa. A 2021 Sally Rogers da abokan aikinta suka raba yara 87 da ƙuri'a, wasu awa 15 a mako, wasu 25, na tsawon shekara. A dunƙule ba a ga bambanci ba. A 2024 ƙungiyar Sandbank ta duba bincike 144 da yara 9,038, tana neman ko yawan awa na tafiya da girman amfani, ba ta samu wannan alaƙa ba. Akwai masana ABA da suka soki lissafin, suna cewa an gwama abubuwan da ba su haɗu ba, kuma muhawarar ba ta mutu ba. Amma uwar da ke kwana da tunanin cewa ta cuci ɗanta don ba ta da halin awa 40, alƙaluma ba su ɗora mata wannan laifi ba.

Inda ƙasa ta fi tauri

Akwai wani reshe na wannan ilimi da bai yi suna kamar kashi 47 ba, alhali tushensa ya fi ƙarfi. Ya shafi yara da manya masu cutar da kansu, masu buga kai da bango, cizon hannu, marin fuska. A 1982 Brian Iwata ya fito da hanyar gano dalilin hakan. Ana shiga da yaro ɗaki na ɗan mintoci, ana sauya yanayi. A zama ɗaya babba yana karatunsa bai kula shi ba, sai in ya bugi kansa ya juyo ya ce masa ya daina. A wani zaman ana ba shi aiki mai wuya, in ya bugi kansa a janye aikin. A na uku a bar shi shi kaɗai ba abin wasa. A na huɗu ga kayan wasa, ga kulawa, ba a nemi komai daga gare shi ba. Wani yana gefe yana ƙirga dukan. Yanayin da dukan ya fi yawa shi ke tona abin da yaron ke samu da shi.

A 1994 Iwata ya wallafa abin da ya fito daga mutum 152. Kashi 38 suna yi ne don su kuɓuta daga wani abu da aka ɗora musu. Kashi 26 don a kula su ko a ba su wani abu. Kusan kashi 26 kuma jin da jikinsu ke yi ne ke sa su. Ƙalilan ne dalilinsu ya gauraye ko bai fito ba. Wato kusan biyu cikin uku magana suke yi da mutanen da ke kusa da su, da harshen da suke da shi. Tun a 1985 Edward Carr da Mark Durand sun gwada abin da ya biyo baya da yara huɗu: wanda ke tada hankali in aiki ya yi masa wuya aka koya masa ya ce bai gane ba, wanda ke neman kulawa aka koya masa ya tambaya ko aikinsa ya yi kyau. Tashin hankalin ya faɗi. Ga wanda ba ya magana, kati mai hoto ko alamar hannu na yin wannan aiki.

Yara huɗu, in ji mai karatu, ai bai kai na Lovaas ba. Gaskiya ne, amma tsarin daban yake. A nan kowane yaro shi ne ma'aunin kansa: a ƙirga kafin a fara, a fara a ƙirga, a janye a ga ko abin ya dawo, a mayar a ga ko ya sake sauka. In ya bi hannun mai gwaji kowane karo, da wuya a ce dace ne. Masana a Amurka sun sa wa irin wannan hujja mizani na 5, 3 da 20: aƙalla bincike biyar, daga ƙungiyoyi uku da ba su haɗa hannu ba, a kan mutum ashirin. Rauninsa shi ne yaron da abin bai yi masa aiki ba ba kasafai yake shiga mujalla ba, kuma tsarin ba ya faɗin kashi nawa cikin ɗari za su amfana.

Wannan giɓi ne gwajin Karen Bearss na 2015 a mujallar JAMA ya cike. Yara 180 'yan shekara 3 zuwa 7, a cibiyoyi shida a Amurka, an raba su da ƙuri'a. Iyayen rabi aka koya musu dabarun nan a zama 11: gano abin da ke tunzura yaro, shirya masa tun kafin a sauya aiki, saka wa halin kirki, koya masa hanyar roƙo. Ɗayan rabin aka ba su darussa a kan galahanga ba tare da dabarun ba. Bayan mako 24, likitan da bai san rukunin yaro ba ya ga sauƙi a fili ga kashi 68.5 na rukunin farko, da 39.6 na na biyu. A lura da 39.6 ɗin. Ba 68.5 ne amfanin horon ba, ratar kusan 29 da ke tsakani ce. Ko da hakan, zama goma sha ɗaya da iyaye ya ba da ɗaya daga cikin tsaftatattun sakamako a duk fagen.

A Ingila ma gwajin PACT, da yara 152, iyaye ya horar, ta hanyar nuna musu bidiyon wasansu da 'ya'yansu don su gane ƙananan alamun da yaro ke bayarwa. A 2010 babban abin da aka sa a gaba bai nuna bambanci mai ƙwari ba. Da aka koma wa 121 daga cikinsu bayan kusan shekara shida, kashi 46 na rukunin horon ne ke da alamomi masu tsanani, a ɗayan kuma 63. Da an rufe littafi a 2010, da ba a san wannan ba.

Sai dai dabara mai kyau tana iya narkewa a hanya. A 2018 Angela Hassiotis ta wallafa gwajin da aka horar da ma'aikatan lafiya a kan irin waɗannan dabaru, a sassa 23 na Ingila, da manya 246 masu tawayar ƙwaƙwalwa. Bayan shekara guda ba a ga bambanci ba. Da aka bi sawu, waɗanda suka samu shirin cikakke ba su kai ɗaya cikin uku ba, saboda ma'aikatan ba su da lokaci.

Akwai alƙaluma biyu da ke damuna fiye da sauran. Kristen Bottema-Beutel ta bi rahotanni 150 na irin waɗannan bincike, ta tarar 11 ne kawai suka ko ambaci batun illa. Ba wanda zai yarda da maganin da ba a duba illarsa ba, amma ga horon da ke cinye rabin ranar ƙaramin yaro ba a tanadi gurbin rubuta kukansa ko tsoronsa ba. Manya masu galahanga da aka yi wa horon suna ƙanana sun daɗe suna ƙorafin cewa an koya musu ɓoye halinsu ne don jin daɗin wasu, kuma ba a auna wannan yadda ya kamata ba balle a tabbatar ko a ƙaryata. Na biyu, a kusan kashi 70 na rahotannin, wani daga cikin marubutan yana da abin da zai samu in sakamako ya yi kyau, ko shi ya ƙirƙiro shirin ko yana sayar da horonsa, kuma kaɗan ne ƙwarai suka bayyana hakan.

Ina yaran suke, ina binciken yake?

A 2018 wata ƙungiyar masana da Bolajoko Olusanya ta Legas ta jagoranta ta ƙiyasta cewa a 2016 yara miliyan 52.9 'yan ƙasa da shekara biyar ne ke da naƙasar da ke shafar girma da koyo, an haɗa da farfaɗiya, matsalar ji da gani, tawayar ƙwaƙwalwa da galahanga. Kashi 95 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A Afirka kudu da Sahara adadin ya ƙaru da kashi 71 daga 1990, galibi saboda yawan haihuwa da kuma yaran da a da mutuwa suke yi yanzu suna rayuwa. Ƙiyasi ne na lissafi, ba ƙidayar gida-gida ba. A gefe guda, wani nazari na 2017 ya nemi duk abin da aka taɓa wallafawa a kan galahanga a wannan yanki, ya samu takardu 53, mafi yawa daga Afirka ta Kudu da Nijeriya.

'Yan gwaje-gwajen da aka yi a wuraren da suka fi kama da namu suna da darasi. A Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan an sauya wa PACT fasali, ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba suka gudanar da shi da yara 65. Sakamakon 2016 ya nuna iyaye sun fi iya bin yaro, yaran kuma sun fi fara sadarwa da kansu. Amma wani gwaji mafi girma a karkarar Pakistan, da iyalai 540, inda 'yan sa-kai daga cikin iyaye suka koyar, bai samu bambanci a ayyukan yaran ba. Shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na horar da masu reno, zama tara a rukuni da ziyarar gida uku, ga yara 'yan shekara 2 zuwa 9, an gwada shi a ƙasashe fiye da 30, ciki har da Habasha da Kenya. Zama goma sha biyu abu ne da asibitin sha-ka-tafi a Kano ko Damagaram zai iya tunanin ɗauka. Ko zai yi aiki a gidan da kaka da yayye da matan gida duk suna cikin renon yaro, sai an gwada a irin wannan gida, da ƙuri'a, da mai aunawa baƙo.

Kafin nan akwai maganar ma'aunin kansa. Vineland, wanda yawancin alƙaluman da ke sama suka dogara da shi, a kan yaran Amurka aka gina shi, kuma cikin abin da yake tambaya har da ko yaro na cin abinci da cokali mai yatsu. Yaron da ke yanko tuwo da hannun dama, ya dangwali miya bai zubar ba, zai rasa wannan maki ba don ya gaza ba. Malawi ta magance irin wannan matsala da kanta: a 2010 Melissa Gladstone da abokan aikinta suka wallafa ma'auni mai tambayoyi 136 da aka tsara daga abin da iyayen karkarar ƙasar ke ɗauka ci gaban yaro ne, aka kuma daidaita shi a kan yara 1,426 na can.